Bakwai da Biyun Kawu

Jiya ina share ɗakinmu na unguwar Hindawiyya na hango karta biyu maƙale bayan madubi, bakwai da biyu, suna ƙamshin turaren Kawu. Na ciro su, sai tafin hannuna ya ɗau zafi kamar wuta.

Shi ya koya mini wasan karta na poka, da ƙwallon dabino muke zubi. Yakan ce, "Ya binti, 'yata, sabon shiga ba ya bin kowane hannun karta da aka raba masa. In ba manya ko iri ɗaya ba, ajiye."

Wata Juma'a na raba masa bakwai da biyu, hannu mafi muni a wasan, sau uku a jere. Ya yi murmushi, ya turo ƙwallayensa duka. "Wannan ba a ajiye shi."

Kafin la'asar ya cika. Ranar na ƙone kartar kakaf da hannuna, shekara tara ke nan.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya sanyaya mini tafin hannun nan.