Kular Dambun da Na Kai Kharj

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Murabba a birnin Riyadh, ni da wani abokina mutumin Maraɗi, direba ne a wani kamfani. Ranar Asabar ce, titi bai cika ba, amma ni tun a kan titin zobe nake tambayarsa ko ya duba taya. Ya ce ya duba. Na sake tambaya, ya ƙara muryar rediyo.

Ga waɗanda ba su san dalilin tafiyar ba: kafil ɗina, wato mutumin da iƙamata, takardar izinin zamana a Saudiyya, take ƙarƙashinsa, yana da gona a yankin Kharj, kudu da Riyadh. Ya yi mini tayin in bar aikin ofis a unguwar Ulaya in koma can da iyalina in kula da ita. Akwai gida, babu haya, kuma ya ce zai yankar mini gefe in shuka abin da nake so, in yi kiwon awaki da kaji. Noma na karanta a jami'a, amma tun da na gama ban taɓa wata ƙasa ba sai ta tukunyar na'a-na'a da ke tagarmu. Kafil ɗin ya ce in je in gani, in ba shi amsa ƙarshen wata. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Da zan fito, maiɗakina ta miƙo mini kula cike da dambun shinkafa da zogale. Ta ce, “Abban Ummi, ba naku ba ne fa. Na matan maƙwabta ne. Ka ce ina gaishe su, sai na zo.” Na karɓa, ban ga abin tambaya a ciki ba. Haka ake yi a gida.

Hanyar Kharj shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai manyan motoci sun yi yawa, galibi na madara da na ciyawar dabbobi. Mun tsaya a wani gidan mai muka ci gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake, muka kora da shayin karak. Ya fi na cikin gari daɗi kaɗan, ko kuma yunwa ce ta sa na ga haka. Bayan nan sai gonaki suka fara bayyana: da'ira kore shar a tsakiyar jan yashi, wani dogon bututu mai tayoyi yana zagayawa yana yayyafi. A garinmu idan ka ga kore irin wannan, fadama ce. A nan kuwa inda bututun ya tsaya, nan koren yake tsayawa, kamar an yanka da wuƙa.

Mun isa da hantsi. Ba zan rage wa gonar komai ba, tana da kyau. Dabino jere, rumfunan roba na tumatir da kokwamba, garken tumaki. Na durƙusa na ɗebi ƙasa na jiƙa na murza. Yashi ya fi yawa, amma da taki ina ganin za ta yi. Na ɗanɗana ruwan rijiyar, akwai gishiri-gishiri, ba mai yawa ba, ko da yake harshe ba ma'auni ba ne. Ruwan sha kuwa tanka ce take kawowa. Gidan ɗaki uku ne, da na'urar sanyi, da tsakar gida da Ummi za ta yi gudu son ranta, ita da ba ta san wani fili ba sai matakalar bene. Masallacin Juma'a da asibiti sai da mota, amma ba nisan da zai hana zama ba ne. Na tambayi wuta, na tambayi kunama, na ɗaga waya sama ina neman sabis har abokina ya ce in bari kada a ɗauka addu'a nake yi.

Sai da azahar ta kawo kai na tuna kular. Na tambayi shugaban ma'aikatan, wani Basudane mai fara'a, ina gidan iyali mafi kusa. Ya ce iyalinsa suna Sudan. Na ce na maƙwabta nake nufi. Muka shiga mota muka bi katangu. Gona ta farko maza ne 'yan Bangaladash. Ta biyu ƙofa a kulle, masu ita sai jefi-jefi suke zuwa shan iska. Ta uku muka tarar da wasu samari 'yan Damagaram, muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. Na tsaya riƙe da kula a rana, na ce saƙo ne zuwa ga matan gida. Ɗayansu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Malam, mace a nan? Sai dai tunkiya.”

Su suka cinye dambun, mu ma muka sa hannu. Wani ya ce rabonsa da zogale tun barinsa gida. Suka ɗauraye kular, suka cika ta da dabino, suka ce a gaida uwargida a ce Allah ya saka.

A hanyar dawowa ban zauna daidai ba. Ina ta shirya yadda zan faɗa mata: in fara da tsakar gida, sannan awaki, sannan rashin haya, maganar maƙwabta in sa ta a ƙarshe, a hankali, in ce wataƙila akwai wasu can gaba da ban kai gare su ba. Ba ƙarya ba ce, domin ban zagaye ko'ina ba. Abokina ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa ɗaukar fasinja mai magana shi kaɗai kamata ba.

Mun shigo Riyadh dab da magariba, cikin cunkoso. Na hau bene, na yi sallama, na miƙa kular, na fara bayanin tsakar gida. Ta juye dabinon a faranti, ta shafa yatsa a bakin murfin, ta duba. Mai ne.

Ta ce, “Wannan wankin maza ne.”

Na ce eh.

“To idan ka tafi cikin gona, wa zan yi wa sallama?”

Tana maganar ma sai ga maƙwabciyarmu ta ƙasa tana ƙwanƙwasa ƙofa, ta zo aron turmi, ta tafi da rabin dabinon.

Ban ce Kharj ba ta zaunuwa ba. Ga namiji shi kaɗai, ko ga mai dangi a kusa, mai yiwuwa ta yi. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, na je na auna ƙasa da ruwa da nisan asibiti, ita kuma ta auna abin da na manta, da kula ɗaya, ba tare da ta taka ƙafa can ba. Washegari na je Ulaya na gode wa kafil, na ce ba zan iya ba. Na daɗe ban faɗi magana ba tare da na haɗa ta da “wataƙila” ba sai ranar.