Ku bar ni in ɗauki butata

Na daɗe ban ce muku uffan ba. Tsofaffin ɗalibaina na lakwal, makarantar boko, da kuka yi ta tambayar ina Madam Hadiza ta shige, ga ni. Ban mutu ba, amma na leƙa.

Da ciwon ƙeya abin ya fara. Na ce zafin rana ne, na share. Wata safiya ina dama koko, ludayi ya suɓuce daga hannuna na hagu. Na duƙa in ɗauka, hannun ya ƙi. Na kira Ramatu, matar ɗana Habibu, sai na ji sunan ya fito a karkace kamar ba bakina ba.

A asibitin Konni suka ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Aka tura mu asibitin garin Tawa ɗaukar hoton kai, ragunan da nake kiwo duk a nan suka tafi. Ƙarin ruwa, allura, awon jini kowace safiya. Matar da ke gadon kusa da ni a lulluɓe aka fita da ita. Ban taɓa jin tsoro irin na ɗakin nan ba.

Ranar sallama likita ta ce wa Habibu a gabana, "Ƙahwar ga da hannun ga suna iya dawowa, amma sai ta yi aiki da su. In kun bar ta kwance za su sandare, kuma ba ni da maganin wannan."

Habibu ya ce to.

Muka dawo gida, aka shimfiɗa mini sabuwar katifa, daga nan ko tsinke ban ƙara ɗagawa ba. Abinci a baki. Ruwan alwala Ramatu ke zuba mini. Da na motsa sai in ji, "Inna, mi kike so? Zamna, yanzu a kawo."

Ba mugunta ba ce, kun san garinmu. Dangi na zuwa dubiya daga Alela. In suka ga tsohuwa na jan ƙafa a tsakar gida, kafin su kai tasha labari ya riga su: ɗanta ya yasar da ita, surukarta ba ta da tarbiyya. Habibu direban motar siminti ne a Malbaza, amma ko yana hanya sai ya bugo wa matarsa, "Kada ki bari ta motsa."

Ni ma tsoron faɗuwa nake, sai na lafe.

Ana nan sai na lura ƙafar ta rame. Yatsun hannun sun fara naɗewa cikin tafi. Kowace safiya in buɗe su da hannun dama, in na saki su koma. Maganar likita ta dinga dawo mini.

A kwancen nan waya ce abokiyar hirata. Wata rana aka saka wani katun na yara a zauren iyaye na waya da nake ciki. Wata tsohuwar zomanya ce ta ji ciwo, jikokinta suka saka ta a kwando cike da auduga, suna yawo da ita saboda so. Ranar da ruwa ya cika raminsu kowa ya yi tsalle ya fita, ita ƙafafunta sun manta tsalle.

Ku zo ku ga sharhi a ƙasa. Wasu na cewa yaransu sun yi kuka. Wata ta ce ta tuna kakarta. Amma mafi yawa faɗa suke, wai ana koya wa yara su bar tsofaffi da wahala. Sai ga sunan ɗana: "Muddin ina numfashi, uwata ko buta ba za ta ɗaga ba."

Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Na karanta, na dubi hannuna. Gari guda na yi masa addu'a a kan abin da zai gurgunta ni.

Da babban yatsan dama na rubuta a ƙarƙashinsa: "Ni ce uwar tasa, kuma zomanyar nan ni ce. Yatsuna sun fara naɗewa. Don Allah ku bar ni in ɗauki butata."

Da yamma Habibu ya shigo, fuska a murtuke. "Inna, kin kunyata ni gaban duniya."

Na ce, "Na sani. Zo ka buɗe min hannun ga."

Ya durƙusa ya gwada. Yatsun suka ƙi shi.

Washegari da azahar butar na gindin dogon yaro. Gwaggon Habibu ta zo daga Alela, tana zaune a tabarma. Na dafa sanda na miƙe, ƙasa na juya mini. Na tabbata faɗuwa zan yi, in karye, in koma ɗakin nan na Tawa.

Gwaggo ta ce, "Habibu, kana tsaye kana kallo?"

Ya mayar da hannuwansa baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya, hawaye na zuba. Bai matso ba.

Na isa. Rabin ruwan ya zube a zanena, da sauran na yi alwala.

Daga nan muka fara zuwa wajen mai koya motsa gaɓoɓi a asibiti. Akwai ciwo, na sha yi masa tsiya. Yau da ƙafata nake zuwa kasuwa, alhamdu lillahi. Likitoci, Ramatu, Habibu, da ku masu addu'a, Allah ya saka da alheri.

Ku riƙa auna hawan jini ko kuna jin garau. In baki ya karkace ko hannu ya saki, a tafi asibiti nan take. In likita ya ce tsohonku ya taka, ku tsaya kusa da shi, ku bar masu magana su yi ta yi.

Yatsu biyu ba su dawo ba. Likita ta ce da mun fara da wuri, da wataƙila. Har yau in na miƙa hannu zan ɗauki buta, Habibu kawar da kai yake yi.