Kwanon Inna

Ina da cikin ɗana na biyu lokacin da wuyan Inna ya kumbura. Maƙoƙo ne, amma ba irin na tsofaffin ƙauyukan Kurfai ba, da suke ɗauke da abinsu har kabari bai hana su daka ba. Nata ya zo da rawar hannu da bugun zuciya, tana ci tana ramewa. Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda ba ta rabu da bori ba, ta ce a kira mai goge. Inna ta ƙi. Sai yayana ya kai ta asibiti Yamai.

Can aka ba ta wani magani ta haɗiye. Da suka dawo Filinge, yayana ya maimaita mini abin da likita ya ce, don ni ce na yi lakkwal, wato boko, har lise, babbar sakandare. Iyod ne, wanda ake sa wa gishiri, sai dai ba shi ɗin ba. Na tuna malaminmu yana cewa kowane sinadari da Allah Ya halitta yana da nauyin ƙwayarsa, kuma wasu suna da 'yan'uwa, suna ɗaya hali ɗaya, nauyi ne kawai ya bambanta. Wanda Inna ta sha ya ɗan fi na gishiri nauyi, ba ya zama lafiya, yana fitar da wani haske da ido ba ya gani har ya ƙare. Wuya ba ya tantance shi da na gishiri, sai ya zuƙe shi, shi kuwa ya ƙone abin da ya yi yawa.

Kafin ya ƙare akwai sharaɗi. Kwanonta daban, moɗarta daban, kada ta ɗauki yaro, mai ciki kuma kada ta kusance ta.

Inna ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba. Ita ke dama fura, ta sha ludayin farko ta miƙa. Da mata suka zo dubiya, yayana ya shimfiɗa musu tabarma can nesa. Suka dubi kwanon da aka ware, suka dubi juna. Wata ta rage murya ta ambaci kuturta. Inna ta ji.

Daga nan ta daina ci. Tuwo ya shiga ɗakinta, ya fito yadda ya shiga. Mace da ta riga ta rame.

Na tsaya daga bakin rumfa na ce, "Inna, ba cuta ba ce, magani ne ke cikin jikinki. Hita zai yi."

Ta ce, "Ke da na goya, yau ke ka yi min magana daga nesa kamar mai tallar nono? Wane irin magani na, mai gudun jikoki?"

Na koma madafa ina kuka, ina roƙon Allah.

Gwaggo ce ta same ni. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, share hawaye ki tuƙa tuwo. Kwano nawa ag gidan nan?"

Na ce da yawa.

"To hiddo su duka."

Da la'asar kowa ya samu nasa. Yayana a gindin itacen bedi, matarsa bakin rumbu, yara kowanne da ɗan kwanonsa, ni ƙofar madafa. Gidan da ba a taɓa raba akushi ba. Gwaggo ta zauna tsakar gida ta ɗaga murya: "Matar yaya, hito ki ga kutare, yau mun cika gida!"

Can Inna ta ɗaga labule, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, muna zaune kamar baƙi a tasha, ba wanda ya taɓa tuwonsa. Ta jawo kwanonta bakin ƙofa, ta wanke hannu.

Ta ce, "Ke mai ciki, mi kike jira? Ki ci, kak ki kashe min jika da yunwa."

Na ce sai ta fara.

Ta yi bisimilla, ta yanki loma. Hannunta yana rawa, miya tana ɗiga a zanenta, amma ta kai baki.