Addata a Ranar Kasuwa

'Yan bindiga ne suka ɗauke ni a gona, ta hanyar Damari, ina yankan dawa. Da kaka na shiga daji, sai da ruwan farko ya sauka na fito. Ƙafata ta hagu ba ta koma daidai ba har yau.

Ranar da za su sake ni, mai gadinmu, wani dogo mai tabo a goshi, ya kwance mini igiya ya ce, "Baba, a yafe mu." Haka suke yi, kamar baƙon da ya kwana gidanka zai tafi. Bindiga tana kafaɗarsa. Na ce, "Na yafe." Shi ne kuwa ya karya mini ƙafar.

Da aka yi sulhu, kasuwar Birnin Gwari ta sake cika. Can na gan shi, yana cin tsire. Shi ya fara gaishe ni.

"A'a, Baba! Kana nan? Ya ƙafa?"

Na tsaya ina kallonsa. Ya ci gaba.

"Ai ka yafe, ko? Da bakinka ka faɗa."

Addata tana rataye a kafaɗata, kamar ta kowane manomi. Sai na ji hannuna a kan ƙotarta. Ba tsoron Allah ne ya hana ni ba ranar nan. Mutane ne suka yi yawa.

Daga nan zama ya gagare ni. In je gona, in dawo, in sake fita ba dalili. Kowace safiya ina bakin dutse ina wasa adda. A coci, in an zo da gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji, sai in miƙa wa na kusa da ni, ban taɓa ba. Na san abin da ke cikina. Kisa ne, yana jiran rana.

Matata ta gani. "Baban yara, wannan addar, aski za ka yi da ita?"

"Ciyawa ce ta yi ƙarfi."

"Da rani? Ka je wurin Fasto, ko ni in je."

Na je. Na gaya masa duka, a tsaye, don na kasa zama.

"Ka taɓa cewa ka yafe masa?"

"Da bindiga a kaina."

"Wannan yafiyar ba taka ba ce, Baba, ƙwace ta aka yi. Ta gaskiyar tana hannunka."

"Ba zan iya ba."

"Ban ce yau ba. Me za ka iya yau?"

Na ce, "Zan iya barin adda a gida."

"To, fara daga nan."

Tun daga lokacin, duk ranar kasuwa ina ba matata addar kafin in fita. Ta ɓoye, ban tambayi inda take sawa ba. Kafaɗata takan ji wayam, kamar na fita ba riga.

Na zaci ya ƙare ke nan. Wata rana na same ni tsaye a rumfar mahauta, ba nama nake kallo ba, wuƙa. Mai tabon nan kuma yana can tsallaken hanya yana ciniki. Na tura hannuwana cikin aljihu, na matse cinyata har ta yi zafi. Ban iya doguwar addu'a ba. "Yesu, riƙe hannuna." Ita nake ta maimaitawa, ina ɗingishi, har na wuce tasha.

Wani mako abin yakan yi sauƙi. Wani mako sai in juya tun daga bakin kasuwa, in koma gida ba gishirin da aka aike ni.

Yanzu ina cikin gari, a gidan haya, ina noma gonar aro. Yana zuwa kasuwa, ina zuwa. Ban taɓa shi ba. In ya gaishe ni, ina ɗaga kai. Kalmar da ya ƙwata a daji, ban ba shi da kaina ba tukuna.