Ankoni

Shekarar da fari ya ƙone gero tun bai kai gwiwa ba, Baba ya baro Dakusa ya zo ya zauna wurina a Damagaram. Makaɗin gangar noma ne, shi ke yi wa manoma kiɗa in an yi gayya. A wannan daminar ba wanda ya kira gayya. Ya zo da tabarma da buta. Gangar ban gan ta ba, ban kuma tambaya ba.

Ni kuwa abin da ya dame ni a lokacin daban ne, har yau ina jin kunyar faɗa. Na sayi tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, na cika ta da waƙoƙin da na kwaso daga salulolin abokan aiki, wato wayoyinsu na hannu. Ni mutum ne da ba ya son hargitsi, ko takalma na gani a warwatse a ƙofar masallaci sai hannuna ya riƙa ƙaiƙayi. Kowace waƙa sai na rubuta mata sunan mawaƙi na jefa ta a dosiyenta, wato rukuninta: na biki, na bege, na Indiya, na noma. Wadda ta zo ba suna, na'urar kan liƙa mata "ankoni", wato ba a san mai ita ba. Da ordinatar ta cika sai na kafa doka, duk wadda ta kai ƙarshen wata tana ankoni zan goge ta.

Baba ba ya magana. A zaure yake wuni yana kallon bango, tuwo ma sai an yi ta fama. Wata la'asar ina karanta jerin waƙoƙin a fili, sai ya tambaye ni wane ne wannan Ankoni da ya fi kowa yawan waƙa, kuma ɗan wane gari ne. Na yi masa bayani. Ya ce in sa masa ɗaya. Kafin a kai amshi ya faɗi sunan mawaƙin da na ubansa, da na attajirin da ake wasawa, ya ƙara da cewa ƙarya aka shara, mutumin ko goro ba ya bayarwa.

Daga ranar muka sami aiki. Ina tasowa daga biro, wurin aikina, in tarar ya riga ya shimfiɗa tabarma kusa da tebur. Yana faɗa ina rubutawa, in na yi gardama ya ce boko ya toshe mini kunne. Matata ta lura kwanonsa ya fara dawowa ba saura.

Ranar ƙarshen wata saura waƙa ɗaya. Wani ne ya ɗauke ta da salula a gona, duk iska ce da ƙarar hauya da sowar samari, ga ganga daga ƙasa. Bugun farko na gane hannun Baba ne, da shi na girma. Na bari in ji daga bakinsa.

Ya saurara har ta ƙare, yatsunsa na motsi a kan gwiwa.

"Baba, wane ne wannan?"

"Ban san shi ba," ya ce. "Wannan mutumin yana da hatsi a rumbu. Goge."

Ya ɗauki butarsa ya fita. Tausayinsa ya kama ni, na daɗe zaune hannuna a kan tebur.

Ban goge ba. Ban kuma rubuta suna ba, tunda mai ita ya ce bai san shi ba. Na canza ordinata sau uku tun daga lokacin, Baba ma ya rasu. Har yanzu Ankoni yana da waƙa ɗaya a wurina.