Sharar mangaza da karatun Yaya Habu

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Habu. Ya rasu a shekarar da aka jefa ƙuri'ar i ko a'a, kafin Faransawa su tafi, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Bana ne shekarata ta uku a ajin karatun manya na unguwarmu a Magarya. Da mushe, wato malamin ajinmu, ya ce kowa ya rubuta wa jarida abin da ya sani, na duba na ga ba ni da abin da na sani kamar wannan.

Mu shida ne ƴan dako a wata mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ta irin gyaɗa. Muna sauke buhuna daga kamiyo, wato babbar motar kaya, mu jera, mu ɗora wa jakuna su kai ƙauyuka. Yaya Habu ne babbanmu. Ba mu san baƙi ba, da hoto muke gane kaya: wannan mai tauraro, wancan mai raƙumi. Akwai kuma wata al'ada da babu wanda ya rubuta ta, amma kowa ya yarda da ita. Duk abin da ya zube ƙasa daga yagaggen buhu rabon ƴan dako ne. Da la'asar sai mu share, mu sheƙe, mu kasa kashi shida, kowa ya ɗaure nasa a bakin riga.

Shi kaɗai a cikinmu rubutun jikin buhu yake damu. Kullum sai ya tare komi, wato magatakardan mangazar, ya nuna masa harafi ɗaya ya tambayi sunansa. Ɗaya tak, don kada ya gundure shi. In an tashi hutun azahar, mu muna miƙe ƙafa a inuwar itacen bedi, shi yana zana shi a ƙasa da tsinke. A haka har ya fara haɗa kalmomi. Yakan ce mini, "Sani, matso ka gani, ba ya cizo." Ni kuwa in ce, "Yaya, in ka zama kwamanda ka tuna da mu." Abokanmu suka sa masa suna Malam Buhu. Dariya kawai yake yi.

A shekarar garin rogo, da yunwa ta matsa har masu rumbu suka koma sayen mudu, aka aiki Yaya garin Guci da jakuna, tafiyar kwana uku. Washegari kamiyo ya kawo sabon iri. Buhunan ba su da hoto, sai jan rubutu a gefe. Gyaɗar ɓararra ce, da wata ƙura a jikinta kamar toka. Biyu sun yage a hanya, sharar ranar ta yi auki. Komi ya san an barbaɗa mata maganin ƙwari, amma yana cikin ofishinsa, bai taɓa tunanin inda sharar mangaza take kwana ba. Mu kuma ba mu tambaya ba, don wa yake tambaya a kan haƙƙinsa? Muka hure ƙurar, muka kasa shida kamar kullum. Ni na ɗauki kason Yaya na kai wa matarsa Hajo, ina jin daɗi na yi zumunci. Ta wanke, ta soya, ta ba ƴarsu Dije, ta watsa wa dabbobi ruwan wankin da ɓawon.

Da ya dawo, ta mangaza ya fara biyowa, ya tarar da mu uku kwance muna murƙususu. Ya dubi buhun. Na ga leɓɓansa suna motsi, yana bin jan rubutun da yatsa. Sai ya juyo ya ce, "Kasona fa?" Na ce, "Na kai gida, Yaya." Ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba.

Manya mun sha wuya mun tashi. Yarinya ba ta da jikin da za ta jure.

Har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini kai ka jawo ba. Na fi son ya zage ni, da na samu sauƙi. Bayan sadakar bakwai ya je wajen Baturen mangazar, ya roƙi a ba ƴan dako ɗan lokaci cikin aiki su koyi karanta abin da suke ɗauka. Komi ne ya fito da amsa: "An ce wuyanku aka ɗauka aiki, ba idonku ba." Bai yi musu ba. Ranar da azahar ya share wuri a gindin bedin, ya zana kalmar nan ta jikin buhu mai nufin guba da manyan baƙaƙe, ya ce, "Wannan ce ta ci Dije. Ku zo ku gane fuskarta." Babu wanda ya ƙara cewa Malam Buhu. Mutum huɗu suka durƙusa kusa da shi, kuma kafin ciwon ƙirji ya kayar da shi dukkansu suna karanta buhu.

Ni ne ban je ba. Ba ƙi na yi ba, kasa ɗaga ido na yi. In na ga baƙi a ƙasa sai in ga bakin rigata ɗaure da gyaɗa. Da-na-sani ƙeya ce, ni kuma na zauna ina kallon ƙeyar har furfura ta fito mini. Sai da jikata ta kawo shekarun Dije na ɗauki alli.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi murna ya ga dattawa da kaye, wato littafin rubutu, a hammata, ana koyon karatu da Hausa ba sai da Faransanci ba. Zai yi mini dariya ya ga yadda nake wahala da harafin da ya nuna mini tun ina saurayi, ya ce gemu ba ya hana ilimi. Amma da zai leƙa mangazun Bande da Dogo-Dogo, ransa zai ɓaci. Taki da maganin fara sun fi na zamaninmu yawa, kuma har yanzu wanda ya fi kowa taɓa buhu shi ne wanda bai san abin da aka rubuta a kai ba. Ajin yamma yana da kyau, sai dai wanda ya wuni da kaya a ka gyangyaɗi yake yi a ciki. Ina roƙon masu ɗaukar ma'aikata su ba su abin da aka hana Yaya, ko rabin awa ne, a wurin aikin, da buhun a gabansu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya rage nasa yana wajen mutanen nan huɗu. Biyu suna raye, ɗaya shi ne mai tsaron mangaza a Dungas, kuma an ce ba ya barin sabon ɗan dako ya taɓa tsintsiya sai ya karanta masa buhu. Abin da muka rasa kuwa na ƙidaya shi sau da yawa, bai taɓa canzawa ba: kaji tara, awaki biyu, shekara ashirin da ɗaya da na yi ban iya rubuta sunana ba, da Dije, ƴar shekara huɗu.