Inda Na Kai Maigidana Ya Huta

Tashi daga Kano

Muna idar da sallar asuba muka rufe gida, gari bai waye ba. Yaran tun da yammacin jiya na kai su wajen mahaifiyata, don haka daga ni sai maigidana, da jaka biyu da ledar magungunansa. Muka nufi tashar 'Yankaba.

Bari in faɗi dalilin tafiyar. Bara 'yan bindiga suka tare motar da yake ciki, suka kora su daji, ya yi makonni a hannunsu kafin Allah ya kuɓutar da shi. Malamin makaranta ne mai son hira da dariya, amma tun da ya dawo ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura. Likita ya ce a nema masa wurin da babu hayaniya, ya daɗe a can. Na ɗauki hutuna na shekara. Wata abokiyar aikina ta ce tana da gwaggo a wani ƙauye bayan Kirikasamma, a bakin fadama, inda ko janareta babu. Jin haka na ce can za mu.

Na roƙi direba ya ba mu gaba. Mun wuce Gezawa lafiya. Bayan Gujungu muka hango shinge, da mutane riƙe da bindigogi. Malam ya damƙe gwiwarsa har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Direban ya kalle shi, ya rage gudu.

"Malam, jami'ai ne. Kullum nan nake bi, har sunan wancan dogon na sani."

Muka wuce, amma gumi bai daina zubo masa ba sai da muka bar Malam Madori.

Haɗeja zuwa ƙauye

Da hantsi muka sauka a Haɗeja. Na saya mana gasasshen kifi da gurasa, ya ɗan taɓa ya ture. A tashar Kirikasamma mai lodi ya ce mana ruwa ya cinye hanyar ƙauyen, mota iyakarta bakin wata gada, daga nan sai kwalekwale. Na ce wa Malam ko mu juya.

"Mun riga mun zo," ya ce.

A bakin gadar muka tarar da wani dattijo siriri yana jiranmu, ya ce shi ne Malam Bukar, ƙanen Ya Kaltume mai masaukinmu, wato gwaggon abokiyar aikin tawa. Ya tura kwalekwalen da gora cikin wata 'yar hanyar ruwa, dama da hagu duk kacalla ce, wata ciyawa da ta fi mutum tsawo, ba ka ganin komai sai sama. Ni da ban iya ruwa ba, ban saki gefen jirgin ba har muka isa.

Ya Kaltume ta share mana ɗakin ɗanta da ke karatu a Maiduguri, ta ɗaura gidan sauro. Ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da ta ji busasshen kifi.

"'Yata, nan ba mu da komai sai sauro da kifi. Ku ci, ku kwanta."

Kwanakin farko na ga kamar na dace. Babu ƙahon mota, babu lasifika. Malam yakan zauna a inuwar ƙofar gida yana kallon ruwa. Mutane su gaishe shi su wuce, ya amsa a taƙaice.

Safiyar da na neme shi na rasa

Ban san shinkafa ta fara nuna ba. Wata safiya ina taya Ya Kaltume wanke-wanke a bayan gida, sai gari ya ɗauki ƙara: ihu, da bugun gwangwanaye, da wani abu mai fashewa tas! tas! kamar harbi. Ni kaina sai da kwano ya suɓuce min.

"Tsuntsayen jan-baki ne suka sauko," in ji ta. "Korarsu ake."

Na ruga ɗaki. Ba ya nan. Takalmansa na bakin ƙofa, tabarma a yamutse. Na zaga masallaci, na zaga rijiya, ina kiran sunansa. Wata mata mai ɗauke da itace ta ce ta ga baƙon Malam Bukar ya yi wajen ruwa da gudu, babu hula. Ni na kawo shi nan, kuma shi ma bai iya ruwa ba.

Aka kira Malam Bukar daga gona. Na gaya masa komai a tsaye, ina kuka, abin da ban yi niyyar faɗa wa kowa a garin ba. Samari suka taru za su bazu cikin ciyawar, ya hana.

"Kada wanda ya bi shi da gudu ko da kira. Ke kaɗai ki shigo jirgi, kuma ki yi shiru."

Muka shiga kacalla. Yana turawa a hankali, yana duba inda ciyawa ta kwanta. Rana ta ɗaga, ina ta salati a zuciyata, duk kututturen da na hango a ruwa sai numfashina ya tsaya. Can ya dafa gora ya tsayar da jirgin. Ga Malam a tsugune cikin ciyawa, ruwa har ƙirjinsa, ya toshe kunnuwa da hannu biyu.

Na yunƙura, dattijon ya ɗaga min hannu. Ya zauna a jirgin kamar mai hutawa, ya ciro wata igiya daga aljihu.

"Malam, ka ga abin da ke ƙarar nan. Majajjawa ce. Ɗan ƙullin laka muke sawa mu wurga, bakin igiyar ya yi tas." Ya naɗe igiyar a hannunsa. "Mu ma 'yan bindiga ne suka taso mu daga bakin Tafkin Chadi, da ƙafa muka zo, ni da yayata. Na yi shekara a garin nan in aka sauke itace sai in kwanta a ƙasa. Taso, ruwan nan akwai matsattsaku."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙo hannu.

Sauran kwanakin

A ranar na haɗa kaya. Malam ya ce in kwance, ba zai koma Kano a haka ba. Washegari Malam Bukar ya zo ya faɗa masa lokacin da za a fara kora, don kada ta zo masa ba shiri. Maigidana ya zauna a ɗaki yana ji, ina riƙe da shi. Bayan 'yan kwanaki ya fito ƙofa. Daga baya ya bi dattijon gona, aka ba shi igiyar gwangwanaye yana ja daga kan rumfa. Ni kuwa kullum ina bakin hanya har sai na hango hularsu.

Ba zan ce ya warke ba. Akwai ranakun da bai fita ba sam. Amma ya fara cinye tuwonsa, kuma wata yamma na jiyo shi yana musu da masunta a kan ko tarwaɗa ta fi karfasa daɗi.

Komawa gida

Ruwa ya ja baya kafin mu taho, mota ta zo har bakin gari. Ya Kaltume ta cusa mana ƙullin kifi da shinkafa sabuwa, ta ƙi sauraron godiyata. Muka kama motar Kano a Haɗeja, la'asar ta yi mana a ƙofar gidan mahaifiyata. Yaran suka fito da gudu suna ihun "Abba!" Na ga ya ɗan ja baya, ya runtse ido, sannan ya durƙusa ya buɗe musu hannu.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Ya Kaltume da Malam Bukar da mutanen ƙauyen nan. Duk garin sun ga maigidana ya fito daga ruwa jiƙe sharkaf, ba hula ba takalmi, amma har muka taho babu wanda ya tambaye shi dalili. Allah ya saka musu da alheri, ya tsare musu shinkafarsu.